Ya ci bashin ikkilisiya bai biya ba, ya kuma dawo neman hatsi: a ba shi ko a hana?

Magatakarda_Lere
Salama a gare ku duka. Iyayenmu fastoci da dattawa, barkanku da hidima. Wata magana ce ta ɗaure wa kwamitin taimako na wata ikkilisiya kai, aka ce a kawo ta nan ko a samu haske. Ba zan kama suna ba.

Bara a watan Yuni wani ɗan'uwa ya karɓi rancen naira 120,000 daga asusun taimako don sayen taki, a kan zai biya da kaka. Kaka ta yi, ya sayar da masara, ya sayi babur na hannu, ko sisi bai kawo ba. An aika masa sau biyu, ya ce ai kuɗin Allah ne, shi ma kuma ɗan Allah ne. Yanzu ga Agusta, rumbunsa ba ko ƙwaya, ga mata da yara biyar, ya zo yana neman buhu guda daga hatsin godiyar kaka. Kwamiti ya dare biyu. Wasu sun riƙe Luka 6:35, inda aka ce a ba da rance ba da sa ran a mayar ba. Wasu sun riƙe Zabura 37:21, cewa mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya. Wa'azin ƙaunar maƙwabci kowace Lahadi muna jinsa, amma da aka zo kan buhu da mudu sai kowa ya rasa ta inda zai kama. A nan wanne ne ƙauna, ba shi ko hana shi?

MamaZumunta_Zonkwa
Ɗana Magatakarda, kun haɗa magana biyu a ƙwarya ɗaya ne shi ya sa ta gagare ku. Bashi daban, yunwa daban. Yaran nan biyar ba su ne suka ci bashi ba.

A ba da hatsi, amma kada a ɗora masa buhu a bayan babur. Buhu cikakke a hannun mutumin da ake bi bashi ko'ina, kafin ya kai gida rabinsa ya sauka a kasuwa. A auna mako-mako, a kai wa matar. Gida mai baki bakwai, tiya guda a rana za ta riƙe su, wato tiya bakwai a mako. Daga tsakiyar Agusta zuwa lokacin da sabuwar masara za ta shigo, a ce mako shida, tiya 42 ke nan. Inda ake auna buhu tiya arba'in, ka ga buhun da ya roƙa ne dai za a ba su, hanyar ce kawai ta sauya. A haɗa da tiya guda ta wake a mako da kuɗin niƙa, don wanda ba shi da abinci sau da yawa kuɗin inji ma ba shi da shi, sai a debi rabin hatsin a sayar don a niƙa sauran.

Mata biyu su kai, kada a tafi da ayari, kuma da yamma in an watse. Kada a sa a buhun da aka rubuta sunan ikkilisiya. Ba anifom ɗin zumunta ranar, kowa ta sa zanenta na gida.

BabanYara77
Ku karɓe babur ɗin ku sayar, ku cire kuɗinku, ku sai masa masara da canjin. Magana ta ƙare. Irin wannan lallashin ne ya kashe asusun taimako a wurare da yawa.

Malamin_Littafi
BabanYara, a yi a hankali. Magatakarda, da me yake amfani da babur ɗin? In acaɓa yake yi da shi, to ya shiga hukuncin Maimaitawar Shari'a 24:6, inda aka hana karɓar dutsen niƙa jingina, ko da ɗan dutsen na sama ne kaɗai, domin ran mutum ne ka karɓa. Abin da mutum ke cin abinci da shi ba a ƙwace shi. A aya 10 zuwa 13 kuma an hana mai bin bashi shiga gidan wanda yake bi, sai ya tsaya a waje a fito masa da jinginar. In talaka ne ya ba da mayafinsa, dole a mayar masa kafin rana ta faɗi ya samu abin rufa. Ku lura, shari'ar ba ta ce a daina bin bashin ba. Hannun mai bi ta ɗaure, don kada bin bashi ya zama cin mutunci.

Fasto_Kwoi
Salama. Ni kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rubutun Magatakarda: "an aika masa." Wa aka aika? A ina aka same shi? Me aka ce masa?

Ayar da muke yawan ɗauka, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, tana Littafin Firistoci 19:18. Ayar da ke gabanta, ta 17, cewa ta yi kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuci, sai dai ka tsauta masa gaba da gaba. Tare suke tafe. Abin da ya fi mana sauƙi shi ne mu yi shiru a gabansa, mu yi ta cin namansa a taron kwamiti, mu kira shirun haƙuri.

Matiyu 18:15-17 ya jera hanya, kuma ba a tsallake mataki. Na farko mutum ɗaya ne, shi da shi. A sha'anin asusu, shugaban kwamiti ko dattijon da ɗan'uwan ke jin nauyinsa shi zai je gidansa, ba waya ba, ba saƙon tes ba, ba a ƙofar majami'a ba. Ya fara da tambaya kafin tuhuma: me ya faru da kaka, buhu nawa ka samu, wa da wa ke binka? Sau da yawa za a tarar akwai mai taki ko mai magani a kasuwa da ya fi ikkilisiya baki, shi aka fara biya. Sa'an nan ya faɗi laifin da sunansa, kada ya yi ta kewaye-kewaye: ka yi alkawari, ka samu hali, ka ƙi cikawa, ka kuma faɗi maganar da ba ta dace ba a kan kuɗin Allah. A ba shi mako biyu ya yi tunani.

In bai ji ba, a koma da mutum ɗaya ko biyu. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a ɗauki waɗanda suka fi jin haushinsa. Shaidu ake so, waɗanda za su iya dawowa su ce kwamiti ma yana da nasa laifin in akwai. Sai bayan wannan ne maganar za ta je gaban dattawan ikkilisiya, kuma horo, kamar dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji, saboda taurin kai ne, ba saboda talauci ba. A rubuta abin da zai yi a ɗage horon, da ranar da za a sake zama. Horon da ba shi da ƙofar dawowa kora ce. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus da kansa ya ce hukuncin ya isa, a yafe wa mutumin a ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Hatsin da Mama ta faɗa kuwa a fara kai shi tun kafin a je maganar bashi, kada ya zama kamar ciniki.

Maaji_Bukuru
Baba Fasto ya gama da ɓangarensa. Bari in taɓa namu na masu riƙe littafi, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai takarda? In babu, rabin laifin na kwamiti ne. Bashin ikkilisiya da ba a rubuta ba, a kunnen mai karɓa kyauta ce da aka yi mata ladabi. Asusu biyu ya kamata a yi, kowane da littafinsa: na kyauta, wanda in ya fita ya fita, da na rance, wanda juyawa yake yi. Na rance kada mutum ɗaya ya ɗauki fiye da kashi goma cikin ɗari na abin da ke ciki. A rubuta adadi, ranar biya, yadda za a biya, shaidu biyu su sa hannu, matar mai karɓa kuma ta sani. Wannan na ƙarshe mutane na raina shi, amma bashin da mace ta san da shi ya fi saurin dawowa.

Na biyu, rancen taki kada a ba da tsabar kuɗi. A sayi takin a ba shi buhu, a yi yarjejeniya a kan masara buhu kaza, a je a ɗauka ranar da ake casa, tun hatsin na ƙasa. In ka ce kuɗi zai kawo da kaka, ka tilasta masa sayarwa lokacin da farashi ya fi faɗuwa, kuma kuɗi in sun shiga aljihu sai su ga babur. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba, an zaɓi waɗanda za su raka ta, ya ce don kada wani ya samu abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21).

Yanzu da aikin gama ya gama, kada a ce masa kawo 120,000. Ba shi da su, zai gudu ne ya koma wata ikkilisiya. In acaɓa yake, naira 1,000 a rana, kwana shida a mako, mako ashirin ya gama. In ta yi yawa, 500, mako arba'in. A ba shi rasit duk Lahadi.

Matashiya_Rahila
Ku yi mini haƙuri iyayena, amma ina karantawa ina jin kamar banki na shigo. Takarda, shaidu, rasit, kashi goma. To ina Luka 6:35 ɗin da aka fara da ita? Basamariyen nan na misalin Yesu da ya tarar da mutum a kwance bai tambaye shi ko yana da mai tsaya masa ba. Mu dai mun iya nemo ayar da za ta rage mana nauyi.

Malamin_Littafi
Rahila 'yata, tambayarki a kan hanya take, kuma gaskiya ne mun iya wannan nemowar. Amma duba Basamariyen da kyau a Luka 10. Man da ruwan inabin da ya zuba a raunukan nasa ne. Dabbar tasa ce, shi ya taka a ƙasa. Dinari biyun da ya ba mai masauki daga aljihunsa suka fito, kuma bisa Matiyu 20:2 dinari guda ladan yini ne na lebura, ladan kwana biyu ke nan ya ajiye, ya ce in an kashe fiye da haka shi zai biya in ya dawo. A kan hanya mai haɗari kuma, gangaren nan na kusan kilomita 27 daga Urushalima zuwa Yariko. Duk abin da ya sadaukar nasa ne.

Kuɗin asusu ba na kwamiti ba ne. Baikon gwauruwa mai sayar da ƙosai na ciki. Kwamitin da ya ce ya yafe 120,000 ya yi kyauta da abin wani, kuma manomi na gaba da zai zo neman taki shi zai biya kuɗin wannan kirkin. Luka 6:35 da ke da ni take magana, a kan abin da yake namu. Wanda yake so a yafe bashin nan akwai hanya, Bulus ya nuna ta a Filimon aya 18 da 19: in Onisimus ya cuce ka ko kana binsa wani abu, ka sa a kaina, ni zan biya, ga hannuna na rubuta. 'Yan kwamitin da ke cewa a yafe, su huɗu ne? Kowa ya kawo dubu talatin.

Matashiya_Rahila
Baba Malam, wannan ta shige ni, ban da ta cewa. Sai dai har yanzu misalin bawan nan na Matiyu 18 na damuna. An yafe masa talanti dubu goma, ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Ba mu ne ba?

BabanYara77
Wancan bawan roƙo ya yi, ya ce a yi masa haƙuri zai biya. Wannan kuwa cewa ya yi kuɗin Allah ne. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Dattijo_Kagoro
BabanYara, karin maganar da ka kawo ma'anarta duk ɗaya ne, ka ga ta goyi bayan Rahila ba ka sani ba. Amma abin da kake nufi daidai ne, akwai bambanci.

Abu uku muke cakuɗawa mu kira su duka gafara. Akwai sakin ƙullin zuci, ka daina yi masa fatan sharri, ka iya yi masa addu'a da sunansa. Wannan ba ya jiran tubansa, Markus 11:25 ta ce in ka tsaya addu'a ka yafe. Akwai sulhu, shi kuwa sai da mutum biyu, Luka 17:3 ta sa tsautawa da tuba a gabansa, Romawa 12:18 kuma ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunka. Sai amana, wadda ba a mayar da ita da baki, sai an gani. Yusufu ya yi kuka a ɓoye saboda 'yan'uwansa tun zuwansu na farko, ya cika musu buhuna ya mayar musu da kuɗinsu, amma bai bayyana kansa ba sai da ya gwada su a kan Biliyaminu ya ga Yahuza ya ce a riƙe shi a madadin yaron. Bulus ya ƙi tafiya da Markus har suka rabu da Barnaba a kan haka (Ayyukan Manzanni 15:37-39), sai can a 2 Timoti 4:11 ya ce a zo da shi yana da amfani a gare shi.

To ɗan'uwan nan a yafe masa a zuci yau, a ciyar da gidansa gobe, a nemi sulhu cikin makon nan. Sabon rance kuwa sai ya gama biyan tsohon, a kuma fara da kaɗan. In aka ce gafara na nufin a sake miƙa masa 120,000, mutane sai su ƙi gafarar gaba ɗaya, don sun san ba za su iya ba.

Mubi_Gida
Ina karanta ku ina murmushi. Allah ya sa iyakar jarabawarku ke nan, dubu ɗari da ashirin.

A ɓangarenmu maganar ƙaunar maƙwabci da ƙaunar maƙiyi ta zama ɗaya. EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ikkilisiya ce da tun kafuwarta a Garkida a 1923 take koyar da ƙin ramuwa. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan matan Chibok 276, yawancinsu 'ya'yan EYN ne. A ƙarshen Oktoba na wannan shekara Boko Haram suka shiga hedkwatar ikkilisiyar a Kwarhi suka kama Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Da mutane suka fara dawowa, abin da ya fi ciwo ba na daji ba ne. Shi ne mace ta ga ƙofar ɗakinta ko kwanon rufinta a gidan wanda suka yi shekaru suna gaisawa.

Abin da masu aikin warkar da raunin zuciya suka koya, kuma ya shafi ƙaramar magana irin taku: ba a fara da wa'azin gafara. In ka ce wa wanda aka kashe wa ɗa "ka yafe" a rana ta farko, zai ce amin don kunyar fasto, ya tafi da abinsa a ciki, ga kuma sabon laifi ka ɗora masa na cewa shi ba Kirista na ƙwarai ba ne. Ana fara da barinsa ya faɗi abin da ya faru, ba a katse shi. Sai makoki, a ambaci abin da aka rasa ɗaya bayan ɗaya. Sai a yarda cewa yana fushi, a nuna masa Zabura cike take da masu kai ƙara wurin Allah. Gafara can ƙarshe take zuwa, kuma ba rana ɗaya ba. 'Yan kwamitin da suka fusata ma a bar su su faɗi fushinsu a zama, kada a toshe musu baki da aya.

Kakuri_Boy
Mubi_Gida ya tuna mini da Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na nan Kaduna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, suka kafa cibiyar sulhu, har suka shiga tsakani a Yelwan Shandam bayan kashe-kashen 2004. Abin da nake so a lura: Wuye ya sha faɗa a fili cewa ko bayan sun fara aiki tare ya yi shekaru tunanin ramuwa na zuwa masa. Aikin ya riga zuciyar isa.

Kuma kada mu manta wa Yesu ya sa ya zama gwarzon labarin Basamariyen: wanda masu sauraro ba sa ko shan ruwa da ƙwaryarsa. A Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci fiye da ɗari biyu a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga.

Malamin_Littafi
"Aikin ya riga zuciyar isa", haka yake a nassi ma. A 1 Korintiyawa 13:4-7 da Helenanci, duk kalmomi goma sha biyar da aka kwatanta ƙauna da su kalmomin aiki ne. Ba a umarce mu jininmu ya haɗu da kowa ba. Ana iya auna wa mutum masara rai na ɓace.

Shugaban_Zaure
'Yan'uwa, mun yi nisa, mun bar Magatakarda da buhunsa. A dawo.

DanMaradi
Gaisuwa daga Nijar. Wata dabara da aka saba da ita a ƙauyukanmu ita ce bankin cimaka: a sayi hatsi da kaka yana araha, a ajiye, in damina ta yi tsakiya a sayar wa mutanen gari ƙasa da farashin kasuwa, kuma da tiya, ba da buhu ba, don kada 'yan kasuwa su kwashe. Ikkilisiya na iya yin haka da wani kaso na hatsin godiya. Magidanci da ya biya ko rabin kuɗi ne yana fita da kansa a sama, kuma kuɗin na komawa a sake saye. Inda yake lalacewa wuri biyu ne: in aka fara ba da bashi daga rumbun, da in mabuɗi na hannun mutum ɗaya. A sa kwaɗo biyu, mabuɗi wurin mutum biyu. Buhuna kuma a ɗora kan katako nesa da bango, in ba haka ba laima da ƙwari su riga mabukata.

Game da ɗan'uwan, ku tuna da kala. Littafin Firistoci 19:9-10 bai ce mai gona ya kai wa talaka dami gida ba, ya ce ya bar gefen gona da abin da ya zube, talaka ya zo ya tsinta da hannunsa, kamar yadda Rut ta yi. Tunda babur gare shi, ya riƙa kai marasa lafiya asibiti ko masu ziyara ƙauye, a rubuta kuɗin kowace tafiya a cire daga bashin, ikkilisiya ta zuba mai.

Gimbiya_Tafawa
Tambaya ɗaya da ba wanda ya yi. Da ɗan wani dattijo ne, ko ɗan ƙabilar da ta fi yawa a majami'ar, da maganar ta kai nan? Ko da tuni an ce a rufa asiri? A duba littafin asusu a ga ko shi kaɗai ne bai biya ba. In akwai wasu uku da ba a aika wa kowa ba, to ba a kan bashi ake fushi ba.

Rigimar farko a ikkilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ce, Ayyukan Manzanni 6: gwaurayen masu jin Helenanci ake tsallakewa. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a ƙaunaci juna ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Wato ɓangaren da ya yi kuka aka damƙa wa mudun. Kwamitin taimako da duk 'yan gida ɗaya ne, ko ba mace ko ɗaya a ciki, zai yi son kai ko bai yi niyya ba.

Sannan ina danginsa? 1 Timoti 5 ta ce iyali su fara ɗaukar nasu don kada a nawaita wa ikkilisiya, ta samu ta kula da waɗanda ba su da kowa. A tambayi yayyensa tiya nawa za su iya.

Fasto_Kwoi
Gimbiya ta taɓa inda ke ciwo. Ƙari ɗaya a kan shawarar Mama: kada a kai wa matar hatsi a bayan idonsa. A gaya masa tukuna, a ce ga abin da za a yi, ga dalili. Namijin da ya dawo ya tarar an ciyar da gidansa ba da saninsa ba yakan huce a kan matar, sai taimako ya zama duka.

MamaZumunta_Zonkwa
Gaskiya ne Baba Fasto, na manta wannan. Kuma matan da za su kai su riƙe bakinsu. In labarin ya fito a wurin koyon waƙa ranar Alhamis, matar ba za ta sake karɓa ba ko yaran na kuka.

Magatakarda_Lere
Na gode ƙwarai, na kai wa kwamiti duk abin da aka rubuta. Ga amsoshin tambayoyinku. Takarda babu, a littafin ma'aji kawai aka rubuta. Babur acaɓa yake yi da shi. Waɗanda aka aika matasa biyu ne, kuma a ƙofar majami'a suka tare shi bayan sujada, mutane na ji, a nan ya faɗi maganar kuɗin Allah. Mama Gimbiya, an duba littafi: akwai wasu mutum biyu da ba su biya ba, ɗaya tun shekara biyu, ba a taɓa aika musu ba. Zaman ya yi zafi da aka karanta sunayen.

Sai dai ga sabuwar matsala. Buhu tara ne suka rage a sito, gida goma sha huɗu ne a jerin, takwas na gwauraye. In aka ba gidansa tiya 42, sai an rage wa wasu.

Maaji_Bukuru
Buhu tara tiya 360 ne. Gida goma sha biyar har da nasa, in an raba daidai, 24 kowanne, tiya huɗu a mako na mako shida. Amma kada a raba da gida, a raba da baki. A ƙirga mutanen da ke ci a kowane gida, a raba 360 da jimillar. Tsohuwa da jika ɗaya ba za ta ci abin da gida mai baki bakwai zai ci ba, sai dai ita a ƙara mata don ba ta da mai nema. Shi kuwa yana da babur, rabin abin da Mama ta lissafa ya isa daga sito, sauran ya nema ko dangi su cika.

BabanYara77
Wato dai gwauruwar da ba ta ci bashin kowa ba za a rage wa tuwo saboda mai babur. Ni har yanzu ban ga adalcin ba. In za a ba shi, a yi baiko na musamman, waɗanda suka ce ƙauna su kawo tiya-tiya daga gidajensu, kada a taɓa na sito.

Matashiya_Rahila
Yau dai ni da BabanYara mun haɗu a wuri ɗaya. Tiya 21 ce Ma'aji ya ce a ɗebo daga sito, a maimakonta mutum bakwai su kawo uku-uku. Amma baiko na musamman ai sai an yi sanarwa, in an yi sanarwa kuma asirin da Mama ke cewa a rufa ya tonu. Ta yaya za a tara ba a faɗi na wa ba?

Dattijo_Kagoro
A cikin kwamiti za a tara, ba a bagade ba. Magatakarda, kafin maganar tiya, wa zai je ya ba shi haƙuri a kan abin da aka yi masa a ƙofar majami'a? Da wannan za a buɗe zaman, in ba haka ba ba zai ji sauran ba. Su biyun nan kuma da ba a taɓa aika wa ba, a je musu a mako ɗaya da shi. Wane ne a cikin dattawan ba shi da dangantaka da ko ɗaya daga cikin su ukun?

Magatakarda_Lere
Baba, mun duba. Mutum ɗaya ne, shi ma ya tafi jinyar ɗansa Zariya, sai ƙarshen wata zai dawo. Hatsi dai matan za su fara kaiwa jibi. A jira shi, ko a roƙi dattijo daga ikkilisiyar da ke kusa?